Mai Cafe Igiya a Tsallake

Likita ya shaida wa wani magidanci cewa wani sinadarin jiki da ake kira furotin, guda ɗaya tak, ɗan mitsitsi, ɗansa ya rasa a jiki, shi ne ya kwantar da shi. Maganar ta ƙi shigarsa. Ƙanwarsa malamar kimiyya ce, sai ta ce, "Yaya, kowace ƙwayar halitta ta jikinmu ƙunshe kaya take yi a 'yan jakunkuna, tana aikawa daga wannan sashe zuwa wancan. Furotin da yawa ke haɗuwa su yi dakon. Ga misali."

Wani mai fito ne yana da kwalekwale da mutum biyar. Huɗu na tuƙi, na biyar yana tsaye a tsallake. Aikinsa ke nan, in jirgi ya matso a wurga masa igiya, ya cafe, ya ɗaure a turke. Kullum mai fito ya hango shi da busasshiyar riga, su kuwa gumi har cikin ido, sai abin ya tsaya masa a rai. Kai, wannan ai cin banza ne! Bai kore shi ba, filafilin tuƙi ya miƙa masa, ya ce ya shigo a tuƙa tare. Lokacin rani ne, ruwa kwance, jirgi kan je ya dafe yashi da kansa. Mai fito har yana yaba dabararsa.

Damina ta sauka, kogi ya kawo. Ran nan mai fito ya loda buhunan gishiri, jarinsa kaf, zai kai kasuwar tsallake. Wallahi ba su taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba, kafin ka ce kwabo ga gaɓa. Mai fito ya miƙe ya wurga igiya yadda ya saba. Ta faɗi a laka, ta sulale. Ya waiga, sai ga mai cafewar zaune a bayansa, ya miƙa hannu cikin iska. Ruwa ya kwashe su ya maka jirgin da dutse. Mutane dai sun fita da iyo, gishiri kuwa ko na miya ba a tsira da shi ba.

"Ka gani, Yaya? A jikin yaron nan kaya na tashi, matuƙa lafiyarsu ƙalau. Mai cafe igiyar ne babu."

Magidancin ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da ɗansa ke kwance, tausayi ya cika shi. Ashe gaskiyar Hausawa ce da suka ce, kome ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.