Takardar Sallamar Masinja

Sabon Darakta ko ɗago kai bai yi ba ya miƙa wa Baba Masinja ambulan.

"Bashi ya yi wa ƙasa katutu, an ce a rage kashe kuɗi. Masinjanmu za mu sallama. Kai masa wannan teburinsa, ya sa hannu."

Baba ya karɓi ambulan. Shi kaɗai ne masinja a ginin, kuma saura wata takwas fanshonsa ya nuna.

Ya sauko bene a hankali, ya tsaya gaban teburinsa, ya yi sallama har sau uku. Shiru. Ya koma sama.

"Ranka ya daɗe, ban same shi ba. An aike shi."

"Koma gobe."

Washegari ma an aike shi. Ran kwana na tara Darakta ya daki tebur.

"Wai shi ko zama ba ya yi ne?"

"Wallahi duk sanda na je, kujerar ba kowa."

Darakta ya jinjina kai, ya jawo biro.

"Ashe aiki ne ya yi wa bawan Allah yawa. A ɗaukar masa mataimaka biyu."