Ba a Tatsuniya da Rana

Shekarar da aka sallami Baba daga masaƙa, wata rana ina taya Kaka ɓarar gyaɗa a gidanmu na Romi. Sai ta soma ba ni labarin yadda Ubangiji ya raba teku, Isra'ilawa suka haye.

Na ce, "Kaka, ai ba a tatsuniya da rana."

Ta ajiye faifan, ta dube ni. "Shi ya sa nake faɗa maka da rana, ɗan nan. Wannan babu Gizo a ciki, ya faru ne. Wanda ya yi shi kuwa yana nan, ya san ƙofar gidanmu."

Yanzu ni ke ba jikokina labarin. Ban taɓa bari sai rana ta faɗi ba.