Maharbiyar da Ya Ƙi Turawa

Na riga na rufe akwatina, mai Keke na jira a ƙofar gidanmu na Malali, sai yayana da ya zo tafiya da ni ya tsaya gaban talabijin.

"Mijinki ya tafi masallaci ya bar wasansa a kunne."

Na tsani wasan bidiyon Japan ɗin nan. Tun da muka binne 'yarmu ta fari, in ya dawo daga ofis nan yake tarewa. Ko hawaye bai yi ba. Tana raye ma kunyar 'yar fari ba ta bar shi ya kira sunanta ba, sai "yarinyar nan". Ni kaɗai nake makoki a gidan mutum biyu.

"Tatsuniyar Turawan arewa ce," in ji Yaya. "Mai fukafukan nan tana tattara rayukan mayaƙan da suka mutu, a horar da su, a tura su sama. Wanda aka tura ba ya dawowa. Mijinki ya tura kowa, sai maharbiya ɗaya. Shi ya sa wasan ya tsaya."

"Ina ruwana?"

"Shi ya raɗa mata suna. Zo ki gani."

Na matsa. Ga sunan 'yarmu a jikin maharbiyar, sunan da bakinsa bai taɓa furtawa ba, ya rubuta da hannunsa. Wasan na tambaya ko a tura ta, alamar tana kan "a'a".

"Yaya, sallami mai Keken," na ce.