Ɓauren Jenge

Motar ba ta gama tsayawa a tashar Atush ba, Burul ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa. A hammatarta akwai ɗan bargon gashin tumaki, wanda ta yi wata biyu tana dannawa da hannu can kan tsauni. Direba ya leƙo ya ce mata da la'asar zai juya, kada ta yi wasa, don dusar ƙanƙara ta fara zuba a mashigar dutse. Wanda wannan motar ta bari, sai sanyi ya wuce.

Jikarta ta zo ɗauka. Ɗanta Temir ya auri 'yar gari, Zorigul, 'yar ƙabilar Uygur, sun sami 'ya mace, har an yaye ta. A wajen Kirgiz na tsauni kuwa, ƙabilar su Burul, ɗan fari na kakanni ne. Su za su raine shi, ya tashi yana ce musu inna da baba, kowa ya kama bakinsa. Haka aka taras, haka ake yi.

To, Zorigul ta ƙi. Temir ya aiko cewa mako biyu ke nan tana kuka, ko gurasa za ta manna a tanderu yarinyar na rungume a ɗaya hannun.

Shi ya sa Burul ba ta nufi gidan ɗanta kai tsaye ba. Ta biya ta wajen Hornisa, matar yayanta Asan mai rasuwa, wadda take kira jenge, wato matar yaya. Ita ma Uygur ce. In tsohuwa Hornisa ta yi wa Zorigul magana da harshensu, ai za ta saki 'yar.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hornisa, shekara talatin. Ba ta da ɗa ba ta da jika, kowa ya san haka. Sai itacen ɓaure guda uku, kuma kowace shekara kwandon farko tsauni yake hawa, wajen ƙanwar miji. Mu maƙwabta mun sha yi mata tsiya a kan haka. Sai ta yi dariya ta ci gaba da jera ganye a kwandon.

Burul ta shigo ko takalmi ba ta so ta cire ba. Ta zayyana abin da ya kawo ta a tsaye.

"Zauna, Auta," in ji Hornisa. "Ku Kirgiz ba ku iya zama ba sai a bayan doki."

"Ku kuma ko gobara ake yi sai kun gama shayi. Jenge, tashi mu je."

Auta take ce mata. Matar da ta shiga gidan Kirgiz ba ta kama sunan dangin miji, ko da na goye ne, kuma Hornisa ba ta taɓa kuskurewa ba.

Aka kawo shayi. Burul ta kurɓa tana duban inuwar rumfar inabi, wadda ta fara jan jiki zuwa katanga. Hornisa ta ce shinkafa na kan wuta, ba a barin tukunya. Ƙarya take yi, a lokacin ta fara yanka karas. Na gan su ta saman katanga, kowacce riƙe da kwanon shayi, ɗan ƙaramin yatsa a lanƙwashe gefe.

Aka ci shinkafa a gaggauce. Hornisa ta rasa ɗankwalinta. Da aka samo shi, sai takalmi ɗaya ya ɓata. Burul ta zaga tsakar gidan nan ya fi sau goma, bargo a hannu, tana naɗewa tana warwarewa.

Sai tsohuwa ta tsinko ɓaure, ta sa shi tsakanin ganye biyu, ta tafa sau uku yadda muke yi don zaƙin ya gauraya, ta miƙa mata. Ta kuma tsinko wani. Tana yi tana tambaya ko kunnen hagun nan na Auta har yanzu yana ciwo in sanyi ya kama.

Burul ta ce ita ba ta ga abin kuka a maganar nan ba. Yarinyar za ta sha madara har ta ƙi, za ta yi gata. Tsufa kuma ba ya hana reno, ita kanta innarta na da shekara hamsin ta haife ta, duk tsauni ana mamaki, ga ta nan ba abin da ya rage ta da shi.

Hornisa ta tafa ganye.

Inuwa ta taɓa katanga. Daga tasha aka ji odar mota, doguwa, sau biyu. Burul ta zabura ta nufi ƙofa, ta taras an zura sakata an ɗaure da igiya. Tana kokawa da ƙullin, ƙarar injin ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɓace.

Ta juyo. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Hornisa murya ba sai ranar.

"Da gangan kika yi. Me kika sani game da 'ya'ya, jenge? Zorigul yarinya ce. Za ta yi kukan wata ɗaya, ta haifi wani, ta manta. Uwa tana mantawa."

Tsohuwa ta ajiye ɓauren a hankali. Ta goge hannu a riga, ta dube ta sosai.

"Burul," ta ce, karo na farko a rayuwarta, "shekara arba'in da biyar ke nan da na miƙa ki a cikin bargo irin wannan, kuma har yau ban manta ba."