Matakalar Budapest

Hotunan na shigowa wayarsa, maƙwabta suka yanyame tsohon mahaucin a tsakar gidansu da ke wata unguwa mai suna Biafra. 'Yarsa ce ta tafi hutu Turai. Ga ta kan tsohuwar gada a Prague, ga ta gaban wata fada a Vienna, ga ta can ƙolin matakala a Budapest.

Kowa na yaba gine-gine, shi kuwa duk hoton da ya zo sai ya sa yatsu biyu ya buɗa shi, ya yi ƙasa har ginin ya ɓace.

"Baba, ai ba haka ake kallo ba," in ji wata maƙwabciya tana dariya. "Ka yanke fadar, ka bar mu da daɓe."

Maƙwabciyar ba ta gidan a shekarun da yake goya 'yar tasa daga tashar motocin haya na gbaka zuwa asibiti, likitoci na cewa da wuya ta taka.

Ya ƙara buɗa hoton. Ga ƙafafu biyu cikin takalmi mai ƙura, tsaye da kansu a matakalar ƙarshe.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. "Ni dai na gama ganin Turai."