Simintin Mai Hatsi

Tunda ka ce ka sa harsashin gini, zauna ka ji abin da ya sami wani mai sayar da hatsi a garinmu. Ɗakin tsohuwarsa na ƙasa ne, bangon gabas ya tsage har hannu na shiga, sai ya ɗauri niyyar gina mata na bulo kafin ruwa ya sauka. Niyya dai madalla. Da kaka, da ya samu ciniki, ya sayi simintin aikin gaba ɗaya ya jibge a wani shago ya sa kwaɗo. To, mutumin da ya tashi a rumbu, abin da ya sani shi ne kaya in ya kwana daraja yake ƙarawa. Kullum ya ji siminti ya hau a kasuwa sai ya leƙa shagon ya yi murmushi. Magini ya nemi buhu goma, ya ba shi biyu, wai kada a yi ɓarna. Leburori su yi rabin wuni su watse, gobe su tafi aikin wani. Bai taɓa tsayawa gaban ginin ya tambayi inda ya kamata a ce an kai a wannan wata ba. Magini ya gaji ya ce masa, "Alhaji, siminti ba gero ba ne, ba ya jira." Ya ce ai shi ya san tattali. Ita kuwa tsohuwa sai dai ta riƙa cusa tsumma a tsagar bango.

Ran da hadari ya fara haɗowa, gini ko linta ta saman taga bai kai ba. Nan hankalinsa ya tashi, ya tara magina ya ce ko nawa ne a gama a mako. Aka buɗe shago. Ashe danshin ƙasa ya daɗe yana hawa, buhunan sun daskare, kowanne ya zama dutse, sai an sa guduma. Ya koma kasuwa ya tarar kuɗin ya kusa ninkawa, hannunsa kuma babu. Ruwa na uku bangon gabas ya zauna. An ciro tsohuwa da rai, amma ƙugu ya karye, ba ta sake takawa ba. A zauren maƙwabta ta ƙarasa daminar, a nan kuma aka yi mata wanka. Wallahi har yau in na bi ta wurin raina ɓaci yake. Ginin na nan tsaye iya ƙirji, ciyawa ta cika shi, buhunan kuma ya jera su a ƙofar gida ana zama a kai.

Don haka in ka je wurin aikinka, kada abin da ya rage a shago ya ruɗe ka. Dubi bango, ka dubi sama, ka ga ko tafiyarsu ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.