Birinyar da Ta Nemi Ido

Akwai wani manomi da gonarsa take gindin dutse, birai sun hana shi sakat. Masara na fara kunno gemu, sai ya tare a gona da majajjawa. Wata rana da hantsi yana zaune ƙarƙashin marke, sai ga wata birinya ita kaɗai ta fito fili. Ba ta dubi masara ba, shi ta tsura wa ido. Da idanunsu suka haɗu ta daki ƙasa da tafin hannu, ta yi gaba kaɗan, ta waiwayo. Abin ya ɗaure masa kai. Tsokana ce? Ko ciwon hauka ya kama ta? Ko kuwa ba biri ba ce, mutanen ɓoye ne suka ari jikinta? Ya yi addu'a, ya sakar mata dutse. Ta goce, ta dawo, ta sake dukan ƙasa. Da abin ya ishe shi sai ya juya mata baya, ko ta gaji ta tafi. Ashe zagayowa za ta yi. Ta tsuguna a gabansa, daidai inda zai gan ta, leɓɓanta na rawa. Tun da yake, bai taɓa ganin ɓarawon da ke neman a haɗa ido da shi ba.

Ya miƙe ya bi ta, yana tafiya yana tambayar kansa ko hankalinsa ɗaya. Duk sanda ya ja baya, sai ta tsaya ta waiwayo. Ta kai shi bakin wata tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe, ta leƙa ciki, ta dube shi. Can ƙasa ɗanta ne cikin taɓo, har muryarsa ta dishe. Manomi ya saro dogon reshe ya zura. Ɗan ya hauro da ƙyar, uwar ta cafe shi ta manna a ƙirji, ta shige duhuwa, ko waige babu.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari, ta riƙe haɓa ta ce, “To, Malam, da wane yare ta gaya maka?” Shi dai ya san an yi masa magana, kuma ya ji. Da ma Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska.